Ƙarfen Kan Jariri a Gidan Baba Audu

Ga ta nan tafe gare ku, kuma wannan ba ta ƙarya ba ce, ta idona ce. Ku matso, ku kife wayoyin nan a kan cinya, ku ba ni aron kunnuwanku. Na ji abin da kuke faɗa a bayana, wai wankan jego ai ruwan zafi ne kawai, duk mai butar lantarki ta iya. To, ni Iya Ladi, tun gidajen unguwarmu ta Birik, a nan Yawunde, ba su hau kan juna ba nake tafasa wa matan unguwar nan ruwa, kuma uwayen wasunku da hannun nan nawa na gasa su. Bari in gaya muku abin da ke cikin ruwan.

Aikina na farko a bayan Goggo Dije na yi shi, wata Bafulatanar Garwa, doguwa, mai ƙarancin magana. Wata matar mahauci ce ta haihu a unguwar Messa, ana tsakiyar ruwan sama. Na ɗauka za a miƙa mini ganye in fara watsa ruwa. Sai Goggo ta miƙo mini guntun gora mai rami, ta nuna mini murhu, ta ce, "Hura." Na hura har idona ya koma garwashi, wuta ba ta kama ba. Itacen Yawunde ai kun san shi, jiƙaƙƙe ne, ko ka sa shi a wuta kuka yake yi yana kumfa ta gindi. Damina ta wuce, wata ta zo, ni dai ina bakin murhu. Da na yi ƙorafi sai ta ce wadda ba ta iya wuta ba, in ta taɓa 'yar mutane sai ta dafa ta ko ta bar ta da sanyi a ƙashi. Sai da na iya tayar da wuta da ɗanyen icen mangwaro sannan ta yarda na riƙe ganye. Shi ma a bayan hannuna ta koya mini gwajin zafin, ba a jikin mai jego ba. Ku dubi hannun, ga shaidar nan.

Kayan aikin ba su da yawa. Rabin durom, duwatsun murhu, turmin da mai jego za ta zauna a kai, zanen ɗaure ciki, ƙwarya da ludayin kunun kanwa, gorar hura wuta, sai damin ganye. Darbejiya daga arewa take zuwa a jirgin ƙasa, ta iso a galabaice. In babu, sai ganyen gwaba da na lemun tsami. Ana tsoma damin a ruwan, a girgiza shi sau ɗaya a iska, sannan a sauke a gadon baya. Wannan girgizawar ita ce sana'ar gaba ɗaya. In ta yi gajarta kin ƙona mutum, in ta yi tsawo wasa kike yi.

Na yi wa wata matar ma'aikaci wanka a rukunin gidajen Cité Verte, a bene, inda aka hana hura wuta. A ƙasa nake tafasawa in hau da bokiti, kafin in kai ruwan ya huce, ita kuwa tana ta ihu wai na kashe ta. Na yi wa wata 'yar ƙabilar Bamun a unguwar Nkomkana, ita kuma kome zafin da na sa sai ta waiwayo ta ce, "Mama, yau ba itace ne?" Wata nas ta taɓa zaunar da ni ta ce kanwarmu ta yi yawa, tana kumbura zuciyar mata. Na saurare ta, na rage, domin na taɓa ganin mai jegon da ƙafafunta suka cika, ban kuma so in sake gani ba.

Akwai abu na ƙarshe a cikin kayan, shi ne ƙarfe. Ba a kwantar da jariri sai da ƙarfe a wajen kansa har a yi arba'in. Malaman unguwa sun sha faɗa cewa addu'a ta isa. Gaskiyarsu, muna yin addu'ar, muna kuma sa ƙarfen. Nawa wata 'yar wuƙa ce, tsawon yatsa, mai ƙotar ƙaho. Goggo Dije ta damƙa mini ita da za ta koma Garwa, ita ma daga wadda ta koya mata ta karɓa. Kan jariran da wuƙar nan ta kwana a ƙarƙashinsu, in aka tara su yau, masallacin Juma'a ba zai ɗauke su ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ku manyan cikinku kun tuna, lokacin da ake ta tayar da bam a can arewa mai nisa, mu kuma a nan duk mai doguwar riga ko mayafi ya zama abin kallo. A bakin kasuwar Mokolo sai an laluba kwandonka. Motocin polis sukan zagaye unguwa da sassafe, ba shiga ba fita, a bi gida gida ana neman makami. Ku duba fa, neman makami a Birik, unguwar da rabin mazanta da wuƙa suke cin abinci. Masu soya, wato masu gasa tsire, suka sha wahala, teloli ma har almakashi sai da aka yi musu tambaya a kai. Aikina ya ja baya, domin mace mai tafiya da asuba da ƙunshi a ka, kowane shinge sai ta kwance.

A cikin wannan shekarar Balki ta haihu, 'yar farin Baba Audu, ta dawo wankan gida. Mahaifiyarta ta rasu, sai aka kira ni. Baba Audu tsohon mai gadin shagunan atamfa ne, gwiwa ta zaunar da shi. A gidan akwai autarsa Zainabu, tana karatun shari'a a jami'a, bakinta kamar reza.

Ranar farko na ciro wuƙata zan sa wa yaro, sai Baba Audu ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Iya, mayar da abin yankan farcenki. Gidan nan muna da namu ƙarfen."

Ya shigo da wata tabarma a naɗe, ya kwance. Bindiga ce, irin ta maharban da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta ubansa ce, maharbin garin Tibati. Bututun ya yi baƙi, an ɗaure shi a jikin icen da tsohuwar fata, ga layu suna reto. Icen kuwa sai sheƙi, domin duk Juma'a sai ya shafe shi da man shanu. Ya ce shi kansa a kanta ya yi arba'in, haka 'ya'yansa duka, jikansa ma ba zai kwana a kan wuƙar aro ba. Ya sake naɗe ta ya shimfiɗa a kan gado, ta wajen kan yaro.

Zainabu ta dafe kai. "Baba, a wannan shekarar? Ka san in aka ga wannan ba za a ce maharbin Tibati ba. Wani suna za a ba ka, kuma ba za mu san inda aka kai ka ba."

"Rabonta da tashi tun ban auri uwarku ba."

"Doka ba ta tambayi ranar da ta tashi ba. Takardar izini take tambaya."

"Ɓarawo yana da bindiga, wa ya tambaye shi takarda? Gwamnati tana da su fal mota. Sai ni mai gwiwa ɗaya za a tambaya."

"To mu kai ta komisariya, ofishin polis, da kanmu."

"Ki kai ni dai. Wanda ya shiga da bindiga a hannu, shayi za su ba shi?"

Ita ma ta san bai yi ƙarya ba. Jefarwa kuma ba ta yiwuwa, ko da ya yarda, don ba mai ratsa Birik da dogon abu a tabarma a wannan lokacin.

Haka suka yi ta yi kullum, ni ina bakin murhu ina ji. Abin da ya fi ɗaure wa tsohon kai shi ne, Zainabun da ke cewa ba shi da ikon ajiye bindiga, ita ce kuma ke cewa polis ba su da ikon taka zaurensa sai da takardar bincike.

"Ke wai da wa kike? Da ni ko da su?"

"Da takarda nake, Baba. Kai ka nuna taka, su ma su nuna tasu."

"Allah ya ba ki miji mai shagon fotokofi."

Wata rana ya juyo kaina, ya ce in raba su. Ni kuwa na gyara zama na ce, "Malam Audu, gaskiya yarinyar nan ta fi ka. Gado ba hujja ba ne. In hukuma ta ce abu makami ne, to makami ne, ko na kakan wa ne." Ku riƙe wannan maganar tawa, za ta dawo.

Ana jibi suna, na iso gidan kafin a kira salla, na jera itace, na cika durom. An yi ruwa a daren, icen ya sha ya ƙoshi, gorata kuma ta tsage, ina hurawa iska tana fita ta gefe. Gari ya fara haske sai muka ji usur ta ko'ina. Mazan da suka fito daga masallaci aka zaunar da su a bakin kwata, kowa da katinsa a hannu. Daga gidan maƙwabta muna jin ana ɓamɓare silin, ana jan gado.

Baba Audu ya fito da tabarmar a rungume, yana ɗingishi yana zagaya tsakar gida. Ya nufi ɗaki ya dawo, ya leƙa rijiya, ya dubi rufin kwano. Duk inda ya duba, can za su fara dubawa. Aka buga ƙofa. Zainabu ta ja mayafi ta nufi zaure.

Na ce, "Malam Audu, ba ni."

"Ki yi me da ita?"

"Wutata ta ƙi kamawa."

Bai gane ba, shi ya sa ya ba ni. Na fara tsoma bututun a durom, don ban yarda da rantsuwar namiji a kan abin da ke cikin bindiga ba. Na sa wuƙata na yanke fatar, na tsinke layun na cusa masa a aljihu. Bututun ya rabu da icen ba gardama. Gindinsa a toshe yake da wani dunƙulen ƙarfe, amma tsatsa ta riga ta yi mini rabin aiki, na ɗora a kan dutse na sauke masa taɓarya, ya fice. Kunamar bindigar da sauran ƙananan ƙarafan na watsa su cikin durom, na bi su da ganye. Icen kuma na taka shi ya karye, na tura a murhu.

Jama'a, tun da nake a Yawunde ban taɓa samun itace irin wannan ba. Busasshe, ya sha man shanu shekara da shekaru. Na kafa bututun na hura sau ɗaya, wuta ta miƙe tsaye, har jiƙaƙƙun ma suka ji kunya suka kama. Baba Audu ya zauna a kan turmi, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemu.

Daga ɗaki Balki ta yi magana ƙasa ƙasa. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta ambace shi ba. "Iya, an bar wancan ba ƙarfe." Na ruga na tura wuƙata ƙarƙashin matashinsa, na dawo bakin aikina.

Duk wannan abin Zainabu tana zaure tana zuba Faransanci. Daga baya aka fassara mini. Ta ce su nuna takarda. Suka ce umarni ne daga sama, ya rufe unguwa duka. Ta ce to ta ga umarnin. Shugabansu ya ce yana mota. Ta ce motar ai ba nisa. Sai da aka je aka ɗauko, ta karanta tun daga sama har hatimi, sannan ta ce akwai mai jego, namiji ba zai shiga ɗakin ba sai mace. Aka aika neman 'yar sandan mace a wani layi. Na tambaye ta daga baya ko don ta ba ni lokaci ta yi, ta ce ita ba ta ma san abin da nake yi ba, ko gidan ba kowa haka za ta yi.

Suka shigo. Ƙananan polis ɗin suka watsu cikin ɗakuna, macen ta shiga wajen Balki. Shugaban nasu, da suke kira shef, wani gajere ne mai furfura, mutumin kurmi, amma ya yi aiki a arewa ya tsinci Hausar kasuwa. Bai shiga ko'ina ba, ya zo ya tsaya a kaina. Ruwan ya fara tafasa, ganye na juyawa.

"Sannu, Mama. Mene ne a ciki?"

"Ruwan mai jego. In kana so ka laluba, ga shi nan."

Ya dubi tururin, ya mayar da hannunsa aljihu. Sai idonsa ya sauka a kan bututun. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya auna nauyinsa. Ya ɗaga shi ya leƙa sararin sama ta ciki. Ya sa babban yatsa ya shafa ɗan ƙullin saiti da ke bakinsa, wanda ni ban ma lura da shi ba. Durom dai na ta tafasa.

Sai ya tattare wando ya tsuguna, ya kafa bututun a gindin murhu, ya hura. Wuta ta amsa. Ya sake hurawa.

"Mai kyau ne," in ji shi. "Kakana yana da irinsa a ƙauye. Nasa har aladen daji ya kashe."

Ya dubi murhu, inda guntun icen mai sheƙi yake ci, ya dubi tsohon.

"Baba, hayaƙi ne?"

"Hayaƙi ne."

"Yana damun tsofaffi." Ya miƙo mini bututun.

A nan ne macen ta fito daga ɗaki, tana riƙe da wuƙata da yatsu biyu kamar ta kamo ɓera. Ta same ta a ɓoye, ƙarƙashin kan jariri. Na tashi na yi bayani tun daga Goggo Dije har wadda ta koya wa Goggo Dije. Shef ya saurara da ladabi, ya ce ya san al'adar, amma makami ne a ɓoye, kuma mutum ba ya tayar da yara tun asuba ya koma ofis hannu wofi.

Na ce, "Shef, wannan fa ta gado ce."

Sai na ji murya sarai daga kan turmi. "Iya, kina da takardarta?"

Na juya. Tsohon nan, hawaye bai bushe a gemunsa ba, kafaɗunsa na rawa don dariya. "Gado ba hujja ba ne," in ji shi. "In hukuma ta ce makami ne, makami ne, ko na kakan wa ne. Shef, a tafi da ita."

Aka sa 'yar wuƙata a leda, aka fita da ita gaban mutanen layi.

Da ƙura ta lafa na yi wa Balki wankanta, domin ruwa ba ya jiran kowa. Ina cikin ɗaure mata ciki ina jin su a waje sun dasa sabuwa. Zainabu ranta a ɓace, wai abin kunya ne a ce mutum ya kwana a gidansa don kawai wani shef ya tuna kakansa. Gobe in aka turo wanda ba shi da kaka fa? Baban ya ce da shef ɗin ya bi takarda irin yadda take so, da yanzu tana dafa masa abincin kai wa gidan yari. Ta ce da an bi takarda tun farko, da ba a zagaye unguwa guda kamar garken awaki ba. Suka ce in raba su. Na ce na raba sau ɗaya, na ga abin da ya jawo mini.

Da ruwan ya huce na tsiyaye durom, na tsamo kunamar bindigar daga cikin ganye, ta dahu ta yi fes. Na goge ta na tura ƙarƙashin matashin yaro. Baba Audu yana bakin ƙofa yana kallo. Da zan tafi ya ce in ɗauki bututun in ɓace masa da shi.

Baba Audu ya yi 'yan shekaru ya rasu a kan gadonsa, a ɗakinsa, kuma har ya koma ga Allah in ya hango ni sai ya ce ga mai ƙona gadon mutane. Zainabu lauya ce yanzu, tana yawo daga wannan komisariya zuwa waccan tana cewa a nuna mata takarda, kuma dai mai shagon fotokofi ba ta aura ba. Balki ta ƙara haihuwa, kowanne a kan kunamar nan ya yi arba'in. Ɗan farin nan, Abdullahi aka raɗa masa, amma duk Birik Shef suke kiransa, yana makaranta, kuma ko balan-balan ta fashe sai ya shige bayan uwarsa. Shef na gaskiya ya yi ritaya. Na haɗu da shi sau ɗaya a Mokolo yana tayin adda, ya tambaye ni ko abin hura wutata yana nan lafiya, na ce yana gaishe shi. Wuƙar Goggo Dije ba ta dawo ba, tana can wani ɗaki tare da addunan 'yan fashi, Allah ya sa tana tsare musu kai.

Ni kuma ga ni, ga bututun can jingine a bayan ƙofa. Duk wadda ta ce sana'ar nan ruwan zafi ce kawai, ta same ni bayan sallar asuba, akwai jiƙaƙƙen icen mangwaro yana jiranta. Ta gindi ake hurawa. Kada in ga wata ta sa bakinta a bakinsa, domin ko ta tsufa, ko ta koma hura wuta, ni ban daina ba ta girmanta ba.